Wa ke duba littafin mai ajiyar kuɗinmu?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan banki suke, don haka na ware huɗu, sauran sai fitowa ta gaba. Ga waɗanda ba su san ni ba, haifaffen Mai Wurno ne ni, a ƙasar Sudan. Na yi shekara 26 ina aikin banki tsakanin Sinnar da Wad Madani da Hartum, 11 daga ciki a sashen taftish, wato masu zagaya rassa suna duba littattafai. Tun watan Disamba na 2023 da Madani ta faɗi a yaƙin Sudan nake zaune a Gadarif da iyalina. Kamar kullum, na cire sunayen masu tambaya da na bankunan da suke kuka da su.

Daga wata Hajiya, 'yar Umdurman da ke gudun hijira a Kasala

Malam, ina gaisuwa. Kafin yaƙi ina sayar da turaren wuta da humra. Abin da na tara cikin shekara 14 na zuba a asusun istismar, wato na zuba jari, duk ƙarshen shekara a ba ni riba. Da muka iso Kasala na je reshen bankin, aka ce min babu riba, banki ya yi asara saboda yaƙi, in yi haƙuri. Uwar kuɗin tana nan a rubuce, amma abin da a da zai sayi gida yau ko ɗaki ba ya saye. Yanzu ɗana ya dame ni da maganar masu kira a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki bankuna, yana so in sa hannu. Ni tsorona kada in zargi mutane da abin da Allah ne ya ƙaddara. Ai kowa ya san an fasa bankuna an kwashe. Me kuma za a bincika?

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, ya mayar da ke ɗakinki lafiya. Gaskiya ne an fasa bankuna. Rassa masu yawa a Hartum da Bahri da Umdurman an yashe su a makonnin farko bayan 15 ga Afrilu 2023, Babban Bankin ƙasa kansa sai da ya koma Bur Sudan. Zubewar darajar jine, wato fam ɗin Sudan, ita ma ba manajan reshenku ya jawo ta ba: gab da yaƙi dala tana wajen jine 600, a cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Wannan ɓangaren na asararki babu kwamitin da zai dawo miki da shi, ba zan ɓoye miki ba.

Amma amsar tambayarki tana cikin takardar da kika sa wa hannu ranar da kika buɗe asusun. Istismar mudaraba ce. Ke ce mai dukiya, banki ne mai juya ta. In an ci riba a raba bisa kason da aka yi alkawari, in an faɗi asara ta hau kan dukiyarki, shi kuma ya tashi a tutar babu. Sai dai malaman fiƙihu sun sa togaciya: idan mai juya dukiya ya yi ta'addi ko taƙsiri, wato ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa ko ya yi sakaci, to shi zai biya. Duk haƙƙinki a kan wannan togaciyar ya rataya. To ke da kike Kasala, ta wace hanya za ki rarrabe asarar harsashi da asarar sakaci? Wanda ake tuhuma da sakacin shi ne ke riƙe da littafin, shi ne kuma ya gaya miki an yi asara.

Ga irin abin da za a bincika. Yaƙi ya ɓarke ranar Asabar, cikin azumi. Ranar aiki ta ƙarshe ita ce Alhamis, 13 ga wata. Nawa ya kwana a ma'ajiyar kowane reshe a wannan daren? Kowane reshe yana da iyakar tsabar da aka yarda ya kwana da ita, wanda ya wuce iyaka wa ya ba shi izini? Basussukan da aka ba manyan masu hannun jari da danginsu, waɗanda tun kafin a harba harsashi ɗaya ba a biyan su, a ina aka rubuta su yanzu? Abin da ya fi damuna ke nan. Na ga yadda ake yi a ƙananan masifu: ruwa ya shiga reshe ko wuta ta kama sito, sai kowane tsohon giɓi a ɗora shi a kan ruwan ko wutar. Yaƙin nan kuwa ya isa ya lulluɓe giɓin shekara 30.

Za ki ce ai akwai masu duba bankuna. Akwai, har hawa huɗu. Na farko mufattishin cikin gida, irin aikin da na yi. Albashinsa da ƙarin girmansa da wurin da za a tura shi duk suna hannun mutanen da yake bincika. Na biyu mai binciken kuɗi na waje, wanda a takarda taron masu hannun jari ke naɗawa, a aikace kuwa hukumar gudanarwa ke zaɓo shi, banki ya biya shi, yana kuma fatan a sake kiransa baɗi. Na uku malaman shari'a na kowane banki, waɗanda a samansu akwai babbar majalisar sa ido ta shari'a da aka kafa a 1992. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, na san wasu, amma abin da aka kawo gabansu suke gani, ba su zuwa sito su ƙirga buhu. Na huɗu Babban Banki, wanda in aka gano wani banki ya ruɓe, shi ma za a tambaye shi inda yake tun farko.

Bari in ba ki abin da ya faru da ni. Ina tsakiyar shekarun aikina aka tura ni wani reshe a bakin kogi. A littafi na ga murabaha babba, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum bashi da ribar da aka yanke, jinginarta buhu 4,000 na dawa a sito. Takardu sun cika, hatimi ko'ina. Na ce a kai ni siton. Aka yi ta ce min mai makulli ya tafi jana'iza, har kwana uku. Ranar da aka buɗe, na ga buhuna jere har rufi, na sa leburori biyu su janye layin gaba. Bayansa fili ne fetal, an yi bango da buhuna an bar ciki wayam. Na ƙirga abin da ke nan bai kai 600 ba. Na rubuta rahoto shafi tara. Bayan mako uku aka sauya min wurin aiki, rahoton kuma bai taɓa isa gaban hukumar gudanarwa ba. Kuɗin da aka fitar a kan wannan bangon buhuna kuɗin mata irinki ne.

Shi ya sa in na ce bincike mai zaman kansa, ina nufin wanda banki bai naɗa shi ba, bai biya shi ba, ba zai iya sauya masa wurin aiki ba. Yana da ikon kiran kowa ya rantse ya ba da shaida, ba a kare masa fuska da zancen sirrin banki. Sannan abin da ya gano a karanta wa jama'a. An yi haka a Ostireliya. Mutane sun yi shekaru suna kuka, gwamnati tana cewa masu sa ido sun wadatar, har a Disamba 2017 ta sakko ta naɗa tsohon alƙalin babbar kotun ƙasar, Kenneth Hayne. Jama'a suka aiko da ƙorafi sama da 10,000. A bainar jama'a aka ji cewa ana cirar kuɗin hidimar da ba a yi ba, har daga asusun mutanen da suka riga suka mutu. Rahoton ya fito a Fabrairu 2019 da shawarwari 76, cikin 'yan kwanaki shugaban hukumar gudanarwar bankin NAB da babban manajansa suka sanar da sauka, bankuna kuma suka mayar wa mutane biliyoyin dalar ƙasar. Ƙasa ce mai zaman lafiya da kotuna masu ƙarfi, duk da haka sai da wani daga waje ya janye layin gaba.

Game da tsoronki na zargi, ki tuna Manzon Allah (SAW) ya tura wani sahabi karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi. Mutumin ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Neman lissafi daga wanda aka ba amana sunna ce. Ki sa ɗanki ya karanta miki takardar tun daga farko har ƙarshe. In ta ambaci sunayen mutane tana kiransu ɓarayi ba da hujja ba, kada ki sa hannu. In abin da take nema a buɗe littattafai ne, ki sa, zuciyarki wasai. Ki kuma koma reshen ki nemi kashful hisab, wato takardar shige da ficen asusunki, na shekara uku da kwafin yarjejeniyarki, haƙƙinki ne.

Daga wani manomi a wani ƙauye kusa da kogin Rahad

Malam, ina noma fadan 60, wato kamar eka 60, na dawa da ɗan riɗi. Farkon damina na karɓi salam a banki, wato aka ba ni kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, aka yanke farashin buhu, aka karɓi cak a hannuna ba a rubuta adadi ba. Da kaka ta yi, farashin kasuwa ya ninka wanda aka yanke min, ga ruwa ya ɗauke da wuri. In na ba su buhunan da suke nema ba abin da zai rage wa gida. Maƙwabcina tun bara yana tsare, wai sai ya biya. Amma muna jin labarin manyan da suka ci biliyoyi suna yawo a mota. Binciken nan da ake ta faɗa, zai iso wurinmu, ko na mutanen birni ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ta taɓa ni, don mahaifina ma da bashin shel ya yi noma, ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi da damina ya kwashe amfanin da kaka a kan farashin da ya ga dama. Da aka kawo salam cikin bankuna, alkawarin da aka yi mana shi ne zai 'yantar da manomi daga shel. Salam kuwa halal ne, Annabi ya yarda da shi da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Amma a ƙasar da hauhawar farashi ta taɓa haura kashi 400 cikin 100, kamar yadda ta yi a tsakiyar 2021, farashin da aka yanke a watan Yuli kan zama zalunci kafin Disamba.

Malamanmu sun hango haka, shi ya sa aka shigar da sharaɗin izalatul gabn a yarjejeniyar salam: idan bambancin farashin da aka yanke da na kasuwa a ranar miƙa kaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a gyara lissafi a cire cutar. Ka ɗauko takardarka, ka nemi wanda ya iya Larabcin takarda ya duba maka wannan sakin layi. Manoma da yawa da na sani ba a taɓa karanta musu shi ba. Ka je da shi wurin manaja tare da shaida biyu da farashin kasuwar amfanin gona ta Gadarif na ranar, ka nemi a yi maka lissafi a rubuce.

Cak ɗin nan shi ne tarkon. Bashi a asalinsa magana ce ta kotun farar hula, amma sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mayar da cak ɗin da aka dawo da shi laifi. Da zarar an cike adadi an kai banki ya dawo, ka tashi daga wanda ake bi bashi ka koma mai laifi, sai ka ji kalmar da kowane ɗan Sudan ya sani: yabƙa li hinis sadad, ya zauna har sai ya biya. Mutumin da ke tsare kuwa ba ya shuka, balle ya biya. Alhali a Suratul Baƙara, kusa da ayar da ta ce a rubuta bashi, an ce wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. Tsarin da ke kiran kansa na Musulunci ya kamata ya riƙe ayoyin biyu tare.

Manyan da kake ji kuwa, hanyarsu daban. Akwai waɗanda muke kira jokiyya. Babban mutum ba ya sa sunansa a takarda. Sai ya samo wani, direbansa ko ɗan unguwarsu, a buɗe masa kamfani, a kawo fili a ninka ƙimarsa a matsayin jingina, a yi murabaha ta bogi wadda babu kayan da aka saya ko aka sayar. Kuɗi su wuce hannun maigida. In asiri ya tonu jokin ne zai shiga kurkuku, a riƙa kula da iyalinsa. Wannan ba ya yiwuwa sai da hannun wani a cikin banki: mai ƙiyasta fili, mai sa hannu, mai kau da kai. In ma an cafke babban, dokar haramtacciyar dukiya ta 1989 ta buɗe ƙofar tahallul, ya mayar da abin da aka sani ya tafi gida. A 2018 gwamnatin Bashir ta yi shelar yaƙi da waɗanda ta kira kuliyoyi masu ƙiba, aka kama 'yan kasuwa da ma'aikatan banki, yawanci aka ƙare da sulhu a bayan ƙofa. Jama'a ba su ga littafi ko ɗaya ba.

Kada ka ɗauka maganarsu ba ta shafe ka ba. Duk jine da ya maƙale a hannun joki, jine ne da bai iso gonarka a kan lokaci ba, kuma giɓin da ya bari a kan masu ƙaramin ƙarfi ake matsawa a cike shi. Saboda haka in za a yi bincike na gaskiya, dole ya zauna a Gadarif da Damazin da Sinnar, ya saurari manomi da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ko Fulatanci ko Larabci. Ya ƙirga mutum nawa ke tsare a kan bashin noma da jimillar abin da ake bin su, ya ajiye kusa da abin da ake bin manyan masu cin bashi 50 na ƙasar. A buga lissafin biyu a shafi ɗaya.

Sai dai in faɗa mana tamu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga manoman da suka karɓi salam suka yi aure da shi, ko suka sayar da amfanin da dare suka ce fara ta ci. Wanda ke neman a buɗe littafin banki ya shirya a buɗe nasa. Kai dai daga yau kada ka ƙara sa hannu a cak ɗin da ba adadi, kuma ku je banki a ƙungiya.

Daga wani ɗalibin jami'a da ke zaune a Damazin

Baba Malam, mun yi gardama da kawuna. Ya ce yanzu lokacin yaƙi ne, in aka fara tone-tone mutane za su firgita su kwashe kuɗinsu, bankuna su durƙushe. Ya kuma ce mun ga kwamitin Izalatut Tamkin, wanda aka kafa don tumɓuke saiwoyin gwamnatin Bashir, ya zama ramuwar gayya ta siyasa. Na rasa amsar da zan ba shi.

Amsa: Ɗana, ka gaishe min da kawunka, maganarsa ba ta banza ba ce. Banki ba ya ajiye duk kuɗin mutane a ma'ajiya, mafi yawa suna waje ana juya su, in kowa ya zo rana ɗaya ko banki mai lafiya zai kasa. Amma ka tambaye shi: a 2018 wane bincike aka yi da mutane suka daina kai kuɗi banki? Babu. Layi ne a ƙofar banki tun asuba, a ce maka yau ba tsaba, ba wanda ya yi maka bayani. 'Yan kasuwa suka sayi akwatunan ƙarfe suka ajiye a gida. Layin banki na cikin abin da ya fito da mutane kan titi a Disamba 2018, tare da layin burodi da na mai. Bayan faɗuwar Bashir a Afrilu 2019 aka sami miliyoyin Yuro a gidansa, kotu ta yanke masa shekara biyu. Amanar da kawu ke tsoron a rusa, rufa-rufa ta riga ta rusa ta.

Zancen lokaci kuma, Amurka ta yi babban bincikenta tana tsakiyar masifa. A farkon 1933 bankuna na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, lauyan kwamitin majalisar dattawa Ferdinand Pecora ya zaunar da shugaban National City Bank, Charles Mitchell, yana yi masa tambayoyi a gaban 'yan jarida, har ya yi murabus. A watan Yuni na shekarar aka yi dokar da ta kafa hukumar lamunin ajiyar jama'a. 'Yan'uwanmu na Najeriya ma sun gani. Ranar 14 ga Agusta 2009, bayan bincike na musamman, gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 don kada su faɗi. Shugabar Oceanic Bank ta amsa laifi a kotu a 2010, aka ɗaure ta aka ƙwace dukiya mai yawa. An yi ta gardama kan yadda aka tafiyar da abin, har yau ana yi, amma masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, domin an faɗi cutar an kuma kawo maganin a rana ɗaya. Darasin da na ɗauka ke nan: ranar da za a bayyana sakamako, a bayyana tare da shi yadda za a kare ƙananan masu ajiya. Muna da asusun lamunin ajiya tun dokar 1996, sai dai iyakar abin da yake biya ya kamata ta riƙa bin darajar jine, shi ma a duba littafinsa.

Wanda ya jinkirta kuwa, ga Labanan. Daga ƙarshen 2019 bankuna suka kulle kuɗin mutane. Da aka ɗauko kamfanin Alvarez & Marsal ya binciki Babban Bankinsu, sai ya janye a Nuwamba 2020 don an hana shi takardu da sunan sirrin banki. Rahoto bai fito ba sai 2023, bayan an kai ga mutane suna shiga banki da bindiga suna neman kuɗinsu na kansu. Gwamnan da ya yi shekara 30 a kujera, Riyad Salama, sai a 2024 aka kama shi.

A kan Izalatut Tamkin, kawu yana da gaskiya a rabi. An kafa shi a Disamba 2019, ya tono abubuwan da ya kamata a tono. Kuskurensa shi ne ya zama mai bincike, mai hukunci, mai ƙwace dukiya, duk shi kaɗai, yana shelar hukunci a taron manema labarai, hanyar ɗaukaka ƙara kuma ba ta aiki yadda ya kamata. Da aka dakatar da shi bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, kotu ta soke hukunce-hukuncensa da dama, mai laifi da marar laifi suka fita ta ƙofa ɗaya. Mai bincike ya tsaya kan gano gaskiya da buga ta, hukunci na alƙali ne, wanda ake tuhuma kuma a ba shi lauya da damar kare kansa. Kuma kada a ware bankin kowa, na gwamnati ko na masu kaki ko na attajirai.

Abin da ke min ciwo shi ne labarin bankunanmu daga waje muke jin sa. A 2014 a kotun Amurka ne bankin Faransa BNP Paribas ya amsa laifin karya takunkumi, mafi yawa kan harkar Sudan, ya biya kusan dala biliyan 9. A Janairu 2024 ma'aikatar kuɗin Amurka ce ta sa wa bankin Alkhaleej takunkumi tana cewa yana hannun Da'amus Sari', wato dakarun RSF da ke ɗaya ɓangaren yaƙin. Su don manufarsu suke tonawa. Tambayar Hajiyar Kasala ba ta gabansu, mu ne za mu yi ta.

Daga wani tela a Jidda

Malam, duk wata ina aika wa mahaifiyata kuɗi a Sinnar, suna shiga asusun ƙanena a waya. In ya je karɓar tsaba sai mai shago ya cire 15 cikin kowane 100. Wata biyu da suka wuce kuma an cire kuɗi daga asusunsa ba su isa inda ya tura ba, ya yi ta zirga-zirga ana ce masa gobe. Wa za mu kai wa kuka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka kan kula da mahaifiya. Cirar mai shago ta samo asali daga ƙarancin tsaba, wanda ya tsananta bayan canjin takardun 500 da 1,000 a Disamba 2024, lokacin da aka ce kowa ya zuba tsohon kuɗi a asusu aka kuma ƙayyade abin da za a cira a rana. Tsofaffinmu da ba su da raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa, balle asusu, a hannun 'yan kasuwa suka danƙa abin da suka mallaka, na gani da idona a nan Gadarif. Tambayar da nake so mai bincike ya yi ita ce: in tagar banki ta ce ba tsaba, ta wace ƙofa ɗaurin sababbin kuɗi ke isa shago? Kowane ɗauri yana da lamba, ana iya bin sawunsa.

Kuɗin da suka maƙale kuwa, ƙanenka ya daina zuwa da baki. Ya rubuta ƙorafi kwafi biyu da lambar ish'ar, wato shaidar tura kuɗin, da rana da adadi, ya miƙa ɗaya, a buga masa hatimi a ɗayan. In mako biyu ya wuce shiru, ya kai kwafin reshen Babban Banki mafi kusa. A ɓangarenka, in ta banki ko kamfani mai lasisi kake aikawa, kana da hanyar kai ƙara ga Babban Bankin Saudiyya, bayansa akwai kwamitin sasanta rigingimun banki. In ta hannun wani ne a unguwa, ba ka da takarda, kuma dokar Saudiyya ta hana.

Ko an biya shi, kada ya yar da takardar mai hatimi. Ya aiko min da hotonta ta hannun edita, ina tara irinsu a fayil guda, yanzu sun kai 40 da 'yan kai. A cikin fayil ɗin akwai kwafin rahotona na siton dawa, yana cikin 'yan takardun da na fito da su daga Madani. Ranar da kwamiti ya zauna a Gadarif, in Allah ya kai mu, da kaina zan kai musu.